Ta ce takardata ba ta yi kama da ni ba: yaya zan gyara Turancina na rubutu?

Maman Sadiƙ

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan wani abu da ya tsaya mini a rai kusan mako biyu ke nan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata tara a sashen yara masu tamowa a wani asibiti a jihar Katsina. Bana na ɗaura niyyar neman gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Ingila. Cikin abubuwan da suke nema akwai takardar da mutum zai bayyana kansa, ya faɗi abin da ya yi da dalilin da ya sa yake son karatun. Dare huɗu na yi ina rubuta ta bayan yara sun kwanta, ga ƙamus a gefena. Da na gama na karanta wa maigidana, ya ce wannan ko gwamna aka kai wa sai ya gyara zama. Ga yadda na buɗe ta:

"With utmost humility and a profound sense of responsibility, I hereby write to express my ardent desire to be considered for admission into your highly esteemed citadel of learning."

Akwai wata likita 'yar Sikotland da ta zo aiki wajenmu na wata shida, mace mai kirki, tare muke cin abincin rana. Na ba ta ta duba mini. A tsaye ta karanta shafin farko, a bakin teburin da muke auna damtsen yara. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ba ta ga kuskuren nahawu a sakin layin farko ba, amma ba ta ji muryata a ciki ba. Ta tuna mini cewa jiya-jiya na ba ta labarin wata uwa da ta tako a ƙafa daga ƙauyensu goye da ɗanta, muka zagaya masa tef ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani, uwar tana ta ba mu haƙuri wai ta makara saboda sai da ta jira aka sayar da akuya. Ta ce da Turanci mai sauƙi na ba ta labarin, har idonta ya ciko da ƙwalla. To ina wannan uwar ta shiga a cikin takardar, kuma ina mai ba da labarin ta shiga?

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta yi mini ciwo. Na ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC, kuma tun muna makarantar jinya ni ake kawo wa wasiƙa in gyara. Abin da na ɗauka shi ne ƙarfina, shi aka nuna mini a matsayin inda ciwon yake.

Na koma gida na zuba takardar a cikin ɗaya daga manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, na ce ta sassauta mini. Ta fito da abu sumul, babu gargada ko ɗaya. Amma da na karanta sai na ji kamar atamfar anko: kyakkyawa ce, sai dai duk wadda ta je bikin ita ce a jikinta. Ban aika ba.

Abin da ke damuna guda biyu ne. Na farko, ni a tarbiyyar da na samu, in rubuta wa farfesa "I want to study" kai tsaye kamar in faɗa gidan surukai ne ba sallama. Yaya ake yin rubutu na girmamawa da Turanci ba tare da an jibga masa kaya ba, kuma ba tare da ya zama raini ba? Na biyu, ta yaya wanda bai tashi cikin harshen ba zai gane kalmar da masu harshen suke faɗa da wadda ƙamus kaɗai ya sani? Saura mako biyar a rufe karɓar takardu.

Tsohon Malami

Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, Turancinki ba shi da lahani. Tufa ce kika sa wadda ba ta wannan taron ba.

Shekara 35 na yi ina koyar da Turanci a sakandare kafin in ajiye alli, kuma wannan jimlar taki na san ta kamar yunwar cikina. Daga wuri biyu ta fito. Na farko gida. Wasiƙar Hausa tun ta ajami ba ta faɗa wa magana kai tsaye: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, sai an gama wannan duka a ce "bayan haka". Mu a wurinmu tsawon gaisuwa shi ne ma'aunin girman wanda ake gaisarwa. Na biyu ofis. Turawan mulki sun bar mana fayiloli cike da "I have the honour to be, Sir, your obedient servant", akawu ya koya daga fayil, ya koya wa ɗansa, ɗan ya zama malami ya koya wa aji guda. Da ladabin gida ya gamu da Turancin fayil sai suka rungumi juna, don kowanne ya ga ɗan'uwansa.

Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, masu abin sun fara ajiye shi tun kafin su tafi. A 1948 baitulmalin Birtaniya ya sa wani babban ma'aikacin gwamnati, Sir Ernest Gowers, ya rubuta wa ma'aikata ɗan littafi mai suna Plain Words, yana jan kunnensu su riƙa rubuta wa jama'a da kalmomin da za a gane. Shekara 12 ke nan kafin mu sami 'yancin kai. A 1979 aka kafa wata ƙungiya a can, Plain English Campaign, aikinta ke nan har yau. Amurka ma ta yi doka a 2010 da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubutu a sauƙaƙe. Wato farfesan da zai karanta takardarki ya tashi ne a inda ake ganin sauƙin magana alamar ilimi ce, ke kuma kin tashi a inda ake ganin nauyinta ne alamar. Ba wanda ya yi laifi a cikinku.

Ki lura da wani abu game da harshen kansa. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, ga kuma Latin a coci da makaranta. Shi ya sa kusan kowane abu yake da suna biyu a Turanci, na gida da na fada: "begin" da "commence", "buy" da "purchase", "help" da "assist", "end" da "terminate", "ask" da "enquire". Mu ma muna da irinsa tsakanin Hausa da Larabci. Muna cewa zuwa muna cewa halarta. Duka Hausa ce mai kyau. Amma yaron da ya ce wa mahaifiyarsa zai halarci kasuwa domin ya yi mu'amala da mai tumatir, kowa zai ji abin banbaraƙwai, ko da yake bai karya nahawu ba. Haka jimlarki take sauka a kunnen likitar nan. A layi ɗaya kin tara "profound", "ardent", "esteemed", "citadel", duk 'yan fada, ba ko ɗaya ɗan gida da zai riƙe musu takalmi.

Ina jin nauyin wannan magana domin ni ma na koyar da ita. A allo nakan rubuta wa yara jerin manyan kalmomi su haddace, ina ganin gata nake yi musu. Alhali ko a tsarin makin WAEC, inda ake raba maki 50 na insha'i gida huɗu, kaso mafi girma, maki 20, na iya bayyana magana ne, wato dacewar kalma da wurinta da kuma wanda ake yi wa rubutun. Babu inda aka ce a ba da maki don tsawon kalma. Mu ne muka fassara abin haka, saboda yaron da ya rubuta "citadel" yana burge mu.

Ga abin da zan ce ki yi daren yau. Ɗauki jan biro, ki bi takardar, duk kalmar da take yabon jami'ar ko take ƙasƙantar da ke, ki ja mata layi. Sun san darajar makarantarsu, ba sai kin tuna musu ba. Abin da ba su sani ba shi ne abin da idonki ya gani a ɗakin nan shekara tara. Game da raini kuwa, a wurinsu girmama mai karatu shi ne kada ki ɓata masa lokaci: mutum ne da tarin takardu a gabansa, wadda ta gaya masa abin da yake nema a layin farko ita ce ta mutunta shi. Sallamarki tana nan, ta koma cikin tsabtar jimla ne da rubuta sunansa da muƙaminsa daidai.

Ɗan Maraɗi

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Mu nan Nijar ciwon ɗaya ne, ta ƙofar Faransanci kawai ya shigo mana. A lakwal an koya mana ba a rufe wasiƙa sai da "Veuillez agréer, Monsieur, l'expression de mes salutations distinguées", layi guda cur na gaisuwa. Da na fara aiki da wata ƙungiyar agaji mai amfani da Ingilishi, sai na riƙa juya wannan layin kalma bayan kalma ina liƙawa a ƙarshen kowane imel. Wata rana shugabar sashenmu ta kira ni gefe, cikin mutunci, ta nuna mini nata: "Kind regards", sai sunanta. Shi ke nan.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne "demand". A Faransanci "demander" roƙo ne kawai ko tambaya. Na yi wata uku ina rubuta wa manyana "I demand your approval", ina jin ina neman izini cikin ladabi, ashe umarni nake ba su. Haka "actually", na ɗauka "actuellement" ce, wato a halin yanzu. Don haka ki duba har da kalmomin da kike ganin kin fi sani, nan ne ƙafa take zamewa. Allah Ya ba da sa'a.

Yaya Hauwa, Manchesta

Ƙanwata, Baba ya gama da tambayarki ta farko, bari in kama ta biyu, don a kanta na sha wuya shekarata ta farko a nan.

Babin farko da na miƙa wa mai duba aikina ya dawo da alamomi a kusan kowane layi, kuma mafi yawansu ba na nahawu ba ne. Sai ya ja layi a ƙarƙashin kalma biyu ya rubuta a gefe cewa ba ma haɗa waɗannan. Na rasa gane abin da yake nufi, sai ranar da wata Baturiya mai koyon Hausa ta ce mini ta "ci wahala" kafin ta gano gidana. Na yi dariya na ce ai wahala shan ta ake yi. Ta ce to me ya sa ake cin bashi, a ci jarrabawa, a ci amana, amma a sha wahala, a sha iska, a sha kashi? Na buɗe baki ban sami amsa ba. Babu dalili, haka kalmomin suka yi aure tun kafin a haife mu. A nan na gane abin da malamina yake faɗa. Turanci ma haka yake: ruwan sama "heavy" ne, ba "strong" ba, shawara "make" ake yi mata ko "reach", bincike "carry out" ko "conduct", tambaya "raise". Ƙamus na gama-gari zai ba ki ma'anar kalma, ba zai gaya miki wa take aure ba. Kuma yawancin abin da ke sa rubutu ya yi warin baƙunta daga nan yake, ba daga ƙarancin manyan kalmomi ba.

Akwai wasu 'yan wurare da mu Hausawa muka fi yin tuntuɓe, kuma in kin duba za ki ga Hausar ce take leƙowa. Muna da bayanai, shawarwari, kayayyaki, ma'aikata, duk jam'i, sai mu rubuta "informations", "advices", "equipments", "staffs", alhali waɗannan ba sa ɗaukar "s" a wannan ma'anar. Muna tattaunawa a kan abu, sai mu rubuta "discuss about", muna jaddadawa a kan abu, sai "emphasise on", su kuwa waɗannan aikatau ba sa son rakiya. Aro a wurinmu kalma ɗaya ce ko kai ne mai bayarwa ko mai karɓa, shi ya sa "borrow me" take fita da kanta. Sai kuma "a" da "the", waɗanda har yau nakan ware musu karatu na musamman bayan na gama komai, in bi takarda ba abin da nake dubawa sai su.

Wani abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne sassauta iƙirari. Na taɓa rubuta cewa bincikena "has proved beyond reasonable doubt" abu kaza. Malamina ya ce nan ba kotu ba ce. A rubutun ilimi suna cewa "suggests", "may", "appears to", "in most cases". Da farko na ɗauka rashin ƙarfin gwiwa ne. Daga baya na ga ashe a nan suke ajiye tawali'unsu. Mu muna zuba shi a bakin ƙofa, mu ce "humbly", sannan mu shiga ciki mu yi ta yanke hukunci. Su ba sa durƙusawa a ƙofa, amma kowace magana sai sun auna ta daidai da hujjar da ke hannunsu. Ladabin da kike tsoron rasawa, ga inda za ki kai shi.

Kayan aikin da suka taimake ni kyauta ne ko kusan kyauta. Jami'ar Manchesta tana da shafi mai suna Academic Phrasebank, an tattara irin jimlolin da masu rubutun ilimi suke amfani da su wajen gabatarwa, kwatantawa, nuna giɓi a bincike da sauransu. Akwai COCA, rumbun rubutun Turancin Amurka mai kalmomi kusan biliyan ɗaya: ki saka kalma, ya nuna miki waɗanda suka fi zama kusa da ita a rubutun mutane na gaske. Akwai kuma ƙamus na musamman na auren kalmomi da Oxford take bugawa. Amma abin da ya fi duka amfani a wurina littafin rubutu ne mai shafi 60. Na zaɓi maƙaloli biyar a fannina waɗanda na ji daɗin karantawa, na bi su ina kwafe aikatau kawai da abin da ke biye da su. Ba na kwafe jimla, wannan sata ce kuma suna kama ta. Cikin wata biyu kunnena ya fara jin abin da ya zauna da wanda bai zauna ba. Ke ki nemi rahotannin WHO da UNICEF a kan tamowa, tunda kin san abin da suke magana a kai ciki da waje, hankalinki zai tafi kan yadda aka faɗa ne kawai.

Mako biyar ba zai isa duk wannan ba, don haka ga gajeriyar hanya. Likitar nan ta riga ta gaya miki inda Turancinki mai kyau yake: a bakinki. Ki kunna rikoda a waya, ki sa a ranki ita ce zaune a gabanki da kwanon abincin rana, ki gaya mata da Turanci me ya sa kike son karatun nan. Minti biyar. Ki rubuta abin da kika faɗa yadda yake. Sannan ki yi masa wanka: ki mayar da "don't" ta koma "do not", ki cire maimaici, ki cike jimlolin da suka tsaya a hanya, ki sa shekaru da adadi inda kika ce "da yawa". Bambancin maganar baki da rubutun hukuma a Turancin yau bai wuce wannan da nisa ba.

Manhajar kuwa, ki yi hattara. Jami'o'i da masu ba da tallafin karatu suna da ƙa'idojinsu a kai, ki karanta na wadda kike nema kafin komai. In sun yarda, ki ce ta nuna miki kurakurai ta gaya miki dalili, ke ki gyara da hannunki. Kada ki ba ta alƙalamin.

Akawun Sakatariya

Ina neman afuwar Baba da Yaya Hauwa, ina da ɗan ja a wuri guda, kada wani matashi ya karanta wannan ya je ya jawo wa kansa.

Shekarata 18 a aikin gwamnati, kuma har gobe in zan rubuta wasiƙa a madadin ma'aikatarmu da "I am directed to" nake farawa. Ba ado ba ne. Ma'anarsa ni da na sa hannu ba da bakina nake magana ba, umarnin na sama da ni nake isarwa, kuma in magana ta tashi a kan wasiƙar an san inda za a nufa. Wanda ya cire shi ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Haka kuma ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta wa babban sakatare "I want" tsirara, ba "Sir" ba komai, takardarsa za ta daɗe a tire. Saboda haka ni ban yarda a ce salonmu tsohon yayi ne kawai da aka manta a fayil ba. Yana da aikin da yake yi a inda yake.

Kuma Turancin Najeriya ba kuskure ba ne don ya bambanta da na Landan. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancinmu, har da "Kannywood", da "okada", da "next tomorrow", da "severally" a ma'anar sau da yawa. Sun karɓa ne don miliyoyin mutane da shi suke rayuwa.

Inda na yarda da su shi ne, Hajiya ba sakatariya take aika takardarta ba. Wannan "severally" ɗin ma misali ne: in ta rubuta "I have severally visited the villages", Baturen zai tsaya, domin shi a wurinsa kalmar ta lauyoyi ce, tana nufin kowa daban-daban. Haka "revert" da muke nufin a ba da amsa, shi komawa yadda ake a da ya sani. Don haka, Hajiya, kada ki zubar da wanda kika iya, za ki buƙace shi ranar da za ki nemi hutun karatu daga ma'aikatarku. Ki ƙara na biyu ne a kansa, ki san wanda za ki ɗauko in kin ga mai karatu.

Maman Sadiƙ

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na yi aikin jan biron a daren da ka faɗa. Shafin farko ya koma kamar an yanka kaza a kansa, cikin layi 22 bakwai ne suka tsira. Na zauna ina kallonsa, sai na ga duk abin da na ja wa layi babu wanda ya faɗi wani abu game da ni ko yaran da nake jinya.

Yaya Hauwa, rikodar ta ba ni wuya da farko. Sau biyu ina farawa ina jin bakina yana komawa "I hereby". A karo na uku na shiga kicin na rufe ƙofa, na ɗora wayar a kan buhun shinkafa, na tuna fuskar uwar nan lokacin da na miƙa mata ledojin abincin gyaɗa na mako guda ina nuna mata yadda za ta yaga bakin ledar ta ba shi kaɗan-kaɗan da ruwa mai tsabta. Daga nan maganar ta zo da kanta, har na wuce minti tara. Ga sabon farkon:

"For nine years I have worked on a ward for severely malnourished children in Katsina State. Most of them reach us late, often after a long journey on foot. I can treat the child in front of me, but I will like to learn how a health system finds that child a month earlier."

Na kai wa likitar da safe. Ta karanta, ta ɗago ta ce yanzu ta ji ni. Maigidana kuwa ya ce ta yi gajarta, kamar ban sha wahalar makaranta ba, kuma na fahimce shi, don ni ma wani ɓangare na zuciyata yana kewar "citadel" ɗin nan. Malam Akawu, maganarka ta zauna mini, wasiƙar neman hutun karatu tana nan tafe kuma na san da wane hannu zan rubuta ta. Ɗan Maraɗi, na bi takardar na sami "revert" har sau biyu a imel ɗin da zan haɗa da ita.

Saura abu ɗaya. Imel ɗin zuwa ga wata malama ce mai digirin dakta, na ga sunanta a shafin sashen. In rubuta "Dear Ma" ko yaya? Kuma da me zan rufe?

Tsohon Malami

Madalla, 'yata. Jimla ta biyu ita ce ta fi ƙarfi, kalma 13 ba ko ɗaya da za a cire, kada ki taɓa ta. A ta uku ki mayar da "will like" ta zama "would like". Wannan ta zama ruwan dare a bakinmu har kunne ya daina jin ta, ina jin likitar ma labarin ne ya ɗauke mata hankali ta tsallake.

"Dear Ma" tamu ce, ba su san ta ba. Ki rubuta "Dear Dr" sai sunan mahaifinta ko na danginta, wato na ƙarshe, ba na farko ba, kuma ki duba harafi bayan harafi. In ta amsa ta sa hannu da sunanta na farko kaɗai, ta ba ki izinin kiran ta da shi ke nan, ko da yake na san bakinki zai yi nauyi. Tunda kin ambaci suna a sama, wasiƙa ta hukuma da "Yours sincerely" ake rufe ta, "Yours faithfully" ta wanda ba ki san sunansa ba ce. A imel "Kind regards" ta wadatar, kamar yadda ɗan'uwanmu na Maraɗi ya faɗa.

Malam Akawu, na karɓi gyaranka a kan "I am directed to", gaskiyarka ce. Ke kuma in kin gama sakin layi na biyu ki kawo mu gani kafin ki aika.